Allura, ashana ko ƙwayar kemis? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Anti, ɗana yana da wata 7 kuma har yanzu ban ga al'ada ba. Ina tsoron kwanika. Maigida kan sayo mini Postinor-2 a kemis duk lokacin da muka sadu. Yayata kuwa ta ce allura kashe mahaifa take yi, in riƙa shan jiƙon kanwa kawai. Wanne zan kama? Daga wata mai goyo a Gusau.

Amsa: Ƙanwata, kin yi kyan kai da kika tambaya tun yanzu. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne idan abu uku suka haɗu: jariri bai cika wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Naki ya wuce wata 6. Rashin ganin jini kada ya ruɗe ki, domin ƙwai kan riga jini fita da kusan kwana 14. Shi ya sa mata da yawa ke wayar gari da ciki alhali ba su ga al'ada ko sau ɗaya ba tun haihuwa.

Kanwa dai ki ajiye ta don miya. Abin da kika sha hanji yake bi, maniyyi kuwa ta mahaifa yake hawa zuwa bututun da ƙwai ke jira, hanyoyin ba sa haɗuwa. Haka ruwan gishiri, lemon tsami, ko tashi a yi tsarki da sauri.

Postinor-2 ta gaggawa ce, ana sha cikin awa 72 bayan saduwa, aikinta jinkirta fitar ƙwai. In ya riga ya fita, ba ta da abin yi. Mayar da ita abin kullum asarar kuɗi ce, ga rikita al'ada, ga shi ba ta kai sauran hanyoyin tabbas ba.

Maganar yayarki tana damuna, don ta hana mata da yawa hutun da jikinsu ke nema. Allurar Depo-Provera ta wata 3 ba ta kashe mahaifa. Gaskiyar da ya kamata a faɗa miki ita ce, bayan an daina ciki kan yi jinkiri na wasu watanni, wata har shekara. Jini kuma na iya ɗigowa ko ya ɗauke, ba taruwa yake yi a ciki ba.

Da ni ce ke, kuma ina son tazarar shekara 2 ko fiye, ashana zan sa, wato ɗan siririn maganin da ake sawa a ƙarƙashin fatar hannu. Nau'in Implanon na kai shekara 3, na Jadelle 5, ba ta hana nono, ana cirewa kuma za ki iya ɗaukar ciki ba da jimawa ba. Ita ma takan taɓa al'ada. Ku je tare da maigida sashen tazarar haihuwa na asibitin gwamnati, a fara yi miki gwajin ciki kafin komai.

Tambaya: Wata 6 da aurena babu ciki. Maniyyi kan zubo in na tashi. In sayi haɗin maganin haihuwa da ake talla a Facebook? Daga wata amarya a Maraɗi.

Amsa: Amarya, riƙe kuɗinki. Zubowar nan kowace mace na gani, ƙwayoyin maniyyi masu tafiya sun riga sun wuce. Ƙwai kwana ɗaya kacal yake rayuwa, maniyyi kan kai kwana 5 a jikin mace. In al'adarki ta kwana 28 ce, ki ƙirga daga ranar da jini ya fara, ku yawaita saduwa daga rana ta 10 zuwa ta 15. Abin da ya cancanci saye shi ne ƙwayar folik asid, mai kare ƙwaƙwalwa da lakar jariri tun makonnin farko.

In shekara ta cika shiru, ko wata 6 ga wadda ta haura shekara 35, ku ga likita ku biyu. A auna angon ma, gwajin maniyyi ya fi naki sauƙi da araha.