Sifirin tayar wutsiyar tsohon jirgi: a ina ake samu?

Malam, ka ce tayar wutsiyar ƙaramin jirgin samanka ƙirar Piper Cub tana karkarwa idan ka sauka, kana neman sabon sifirin a Zariya. Sifirin iri biyu ne a wurin: falle-fallen ƙarfe masu ɗauke da tayar, da ƙananan murɗaɗɗu guda biyu masu juya ta. Karkarwar nan galibi daga falle-fallen take. Idan sun gaji sun saki, sandar da tayar ke juyawa a kai sai ta karkace.

Fara da duba tayar, ƙirar kamfanin Scott ce ko Maule, domin maɗaurinsu yakan bambanta. Ka ciro lambar kayan daga littafin jirgin, sannan ka yi oda daga Amurka, wurin kamfanonin sayar da kayan jirgi Univair ko Aircraft Spruce, ka nemi takardar shaidar ingancin kayan jirgi mai lamba 8130-3.

Don Allah kada ka kai wa maƙeri ya yanko maka daga sifirin mota, ko ya gasa tsohon ya miƙe shi. Wuta tana kashe ƙarfen, ranar sauka yana iya karyewa. Ka canza kusoshin ma gaba ɗaya.

Ɗaurawa kuwa aikin injiniya mai lasisin NCAA ne, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, shi zai sa hannu a kundin jirgin. Ka leƙa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya ka tambaya.