Tambaya da Amsa: Jan tumatir ɗin nan nasa ne shi kaɗai?

TAMBAYA: Salam Malam, a lakcar falsafa an kawo mana wata tiyori wai ita turof, wai kowane abu siffarsa tasa ce shi kaɗai kuma abu ba komai ba ne illa tarin siffofi. Ni dai kaina ya kulle, ina matsalarta take? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Ki shiga Kasuwar Bacci ki ɗauki tumatir biyu jajaye. Masu turof irin su D. C. Williams da ya yi rubutu a kai a 1953 da Keith Campbell a 1990 cewa suke ja biyu ne a hannunki, kowanne da nasa, kama kawai suka yi.

Toh ita wannan kamar da suka yi fa? In ita ma turof ce, wato siffar da ba a tarayya a cikinta, ki ƙaro tumatir na uku, kamar na farko da na biyu sai ta yi kama da ta na biyu da na uku, a sake neman wata kamar, abu ba ƙarshe, Bertrand Russell ya taso da irin wannan tun 1912. Masu turof suka ce ai jan da kansa ke jawo kamar da suka yi, ba sai an ƙaro komai ba, ni gaskiya wannan amsar ba laifi.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗaurin. Ja, nauyi, tsami, santsin fata, me ya riƙe su wuri guda har suka zama tumatir ɗaya? Tsintsiya ce fa ba maɗauri. Sai su ce akwai alaƙar zama tare, to ita ma siffa ce, wa ya ɗaure ta da sauran? David Armstrong kuma a 1989 ya ƙara da cewa a ce jan wannan ya koma kan wancan, na wancan ya dawo nan, tiyorin ta ce an samu canji alhali ba mahalukin da zai iya gane bambanci.

In kin yi karatun tauhidi a zaure abin ba baƙo ba ne, malaman Ash'ariyya sun daɗe da cewa aradi, wato siffa irin ja ko nauyi, ba ya tsayuwa da kansa sai a jikin jauhari, wato abin da ke ɗauke da siffar, kuma ba ya ƙaura daga wani zuwa wani. Kusan nan C. B. Martin ya koma a 1980, ya riƙe turof amma ya dawo da zati mai ɗauke da su. Shi ma bai tsira ba dai, don za a ce masa in an cire ja da nauyi da komai, shi zatin mene ne ya rage?