Kada ka sayi CDI tukuna, ka fara bin wayoyin injin

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta bayaninka cewa injin jirgin ruwanka Yamaha mai doki 40 yana tashi lafiya da safe, amma da zarar ya ɗauki zafi sai ya fara shaƙewa ya mutu, ba ya sake tashi sai ya huce, kuma an wanke kafireta an canza fulogi ba a ga sauyi ba, yanzu makanike ya ce ka sayi sabon CDI, wato ɗan akwatin da ke aika wa fulogi wuta. Wallahi hankalina ya tashi da na ga ka ƙara da cewa wani lokaci wuta tana ɗan jan hannunka a wajen maɓallin kashewa, domin irin wannan ciwon ne ya kusa hallaka ni da fasinjojina a tafkin Kainji. Ina roƙonka ka riƙe kuɗinka tukuna.

Wannan jan da kake ji shaida ce babba. A injunan Yamaha, farar wayar da ta fito daga CDI zuwa maɓallin kashewa aikinta shi ne ta zubar da wuta a jikin inji idan ka danna, to idan rigarta ta goge ko ruwa ya kwanta a cikin maɓallin, sai ta riƙa kashe injin da kanta ba tare da ka taɓa komai ba. Ka zare wannan farar waya daga mahaɗinta ka gwada injin a kusa da gaɓa. Idan ya daina mutuwa, ka gano ɓarawon, kuma gyaransa bai kai kuɗin jarkar mai ɗaya ba. Amma kada ka ɗauki mutane a haka, saboda ba za ka iya kashe injin da maɓalli ba sai ka mayar da ita.

Ni nawa ya fi haka muni, kuma hannun mutum ne ya jawo shi. Ɓeraye sun shiga ƙarƙashin murfin injin lokacin da na ajiye shi a rumfa, ka san yadda ƙarnin kifi yake kiransu, suka gaigaye wayoyin da ke fitowa daga ƙarƙashin magineto, wato abin da ke juyawa a saman injin yana samar da wuta. Na kai wa wani makanike da ake yabo, na biya shi kuɗin sabbin wayoyi cif, ya ce in dawo washegari. Ashe bawan Allahn nan murɗa tsofaffin ya yi da hannu, ya naɗe su da baƙin salatif, ya tura su ciki inda ido ba ya kaiwa. Bai tsaya nan ba, ya cire CDI ɗina na asali ya maƙala mini na jabu, ya goge shi da mai yana ƙyalli. Mutumin da muke sallah sahu ɗaya, wanda ya san mata da yara nake ɗauka!

Ranar kasuwar Yawuri muna dawowa da yamma, jirgi cike da buhunan hatsi da mata masu goyo, hadari ya haɗo daga gabas, sai injin ya yi tari ya ɗauke a tsakiyar ruwa. Na ja igiya har fatar tafin hannuna ta saluɓe, ko motsi bai yi ba. Iska ta juya jirgin ya ba igiyar ruwa gefe, ruwa ya fara shigowa, yarona yana kwarfewa da rabin jarka, ga kututturan itatuwan da tafkin ya shanye tun da aka gama madatsar a 1968 suna leƙowa kusa da mu. Wata dattijuwa ta riƙe rigata tana salati, ta ce, "Ɗan nan, ka gaya mini gaskiya, za mu kai?" Ban iya amsa mata ba. Da filafili biyu muka yi ta fama har Allah Ya kawo wasu masunta suka ja mu bayan magariba. Da na koma wa makaniken, ko kunya bai ji ba, cewa ya yi man da na saya ne ba shi da kyau. Har yau idan na wuce ta gaban rumfarsa zuciyata tafasa take yi, na bar shi da Allah.

Wani dattijon makanike ne ya buɗe injin a gabana. Da ya ɓare salatif ɗin, ruwa ne ya ɗigo daga ciki, jan ƙarfen wayar ya zama baƙi ƙirin, wani wurin kore, yana marmashewa a yatsa. Ya nuna mini cewa farantin da kwayil, wato naɗaɗɗun wayoyin da ke samar da wuta, suke kai yana ɗan juyawa duk lokacin da aka murɗa totur, don haka wayoyin wurin kullum cikin lanƙwasuwa suke, kuma idan zafi ya buɗa ƙarfe sai mahaɗin da ya raunana ya rabu, idan ya huce ya sake haɗuwa. Wannan ma yana iya zama dalilin da injinka yake tashi bayan ya huta. Kwayil ɗin caji da ya fara ƙonewa shi ma haka yake yi.

Saboda haka gwajin da zai faɗa maka gaskiya shi ne wanda aka yi a daidai lokacin da injin ya mutu yana da zafi. Ka kwance fulogi, ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina shi da ƙarfen inji, wani ya ja igiya. Wuta mai kyau shuɗiya ce mai ƙara, idan ka ga ja-ja mai rauni ko babu gaba ɗaya, to ba kafireta ba ce matsalar. Ka nisantar da tankin mai kafin ka yi wannan, kuma kada ka ja igiya fulogi yana reto bai taɓa ƙarfe ba, domin hakan yana iya lalata CDI mai lafiya. Da dare ma ka tayar da shi a duhu ba murfi, idan wayar fulogi ta tsage za ka ga wuta tana tsalle zuwa jikin inji.

Kada ka manta da baƙaƙen wayoyin da aka ɗaure da noti a jikin injin, ka kwance su ka kankare tsatsa har ƙarfe ya yi haske. Duk wayar da ta yi baƙi a ciki, a yanke ta har inda jan ƙarfe yake da tsabta, a liƙe da dalma, a sa robar da ke tsukewa da zafi, ba salatif ba. Idan naka mai batir ne, kada ka yarda a cire kan batir inji yana aiki, kuma mita ta nuna sama da bolt 13 idan ka ba shi wuta.

In har an bi duk wannan aka tabbatar CDI ne, ka ari na wani abokin sana'a mai irin injinka a gwada kafin ka biya, kuma ka nemi na asali ko da tsada, araha ba ta ado. Ka yi wa CDI ɗinka alama da ƙusa kafin ka miƙa injin, ka tsaya a kansa har a gama, kuma don Allah kada ka ɗauki fasinja ko ɗaya sai ka yi doguwar tafiyar gwaji a bakin gaɓa injin ya yi zafi sosai bai ɗauke ba.