Tsakanin ejan da lauya: wa za a ba kuɗi a kan fasfo da biza?

Tambaya: Malam, ina sayar da albasa a Mile 12, gidana yana Agege. Matata 'yar Maraɗi ce, shekararmu tara da aure, 'ya'yanmu huɗu duk a Legas aka haife su. Wani ejan ya ce in kawo naira dubu 350 ya samo mata takardar asalin wata ƙaramar hukuma a Katsina, sannan ya fitar mata da fasfon Najeriya cikin sati biyu. In biya?

Amsa: Alhaji, mayar da kuɗin nan cikin jarinka. Takardar ƙarya mutumin nan zai sayar maka, a kan abin da doka ta riga ta buɗe wa maiɗakinka ƙofarsa. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba macen da ta auri ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ake kai wa buƙatar, a bincika, Shugaban Ƙasa ya amince. Ba aikin sati biyu ba ne, sai ka ɗaura ɗamarar haƙuri, amma takardar da za ta fito babu mai ɗaga ta sama yana harararku. Kuma ba sai ta bar Nijar ɗinta ba, domin sashe na 28 bai hana ta riƙe ƙasar da take 'yarta tun haihuwa ba.

Kafin ma a je nan, zauna da ita ku bi salsala. Tsakanin Maraɗi da Katsina auratayya ta girmi iyakar da Turawa suka shata. In mahaifinta ko mahaifiyarta ɗan Najeriya ne, to sashe na 25 ya riga ya lissafa ta cikin 'yan ƙasa ko da a Maraɗi aka yanke mata cibiya, hujja kawai za ku tattaro.

Abin da ke tayar min da hankali game da hanyar ejan shi ne ba ta gogewa. Yau fasfo a ɗaure yake da lambar NIN, ita kuma a ɗaure take da hoton yatsu da fuska. Ranar da aka rubuta mata garin haihuwar da ba nata ba, ƙaryar za ta bi ta banki, ta bi ta aikin Hajji, ta bi ta takardun 'ya'yanta. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, kuma in ta fashe ejan ba zai ɗaga waya ba.

'Ya'yanka 'yan Najeriya ne ta wajenka, babu tantama. Karɓo musu takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a yi musu NIN, ka cike fom da kanka a shafin Hukumar Shige da Fice, a ba ku ranar ɗaukar hoto a Ikoyi, Ikeja ko Festac. Tun 1 ga Satumba 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira dubu 100 ne, mai shafi 64 na shekara goma dubu 200. Ka sa ido a kan rubutun suna. Na taɓa zama da wani maƙwabcina a kan tabarma muka baje takardun ɗansa guda uku: ɗaya Muhammad, ɗaya Mohammed, ta ukun Mamman, ranar haihuwar ma biyu ce. Wata huɗu muka yi muna safa da marwa kafin a daidaita. Lauya zai yi maka amfani a irin wannan, da wajen rantsuwar kotu da haɗa takardun rajistar maiɗakinka.

Tambaya: Ina zaune a Idi-Araba. Maigidana shekararsa uku a Ingila, yana so in bi shi da yarinyarmu. Ejan ya ce biza tabbas ce, shi zai shirya takardar banki, kuma mu je rajista ta Ikoyi a sake ɗaura aure domin takardar masallaci ba ta aiki. Wata lauya kuma ta ce sai na biya kuɗin zama kafin ma ta buɗe fayil ɗina. Wa zan bi?

Amsa: 'Yar'uwa, wadda ta nemi kuɗin zama ita ce ke faɗa miki gaskiyar abin da take sayarwa: lokacinta da iliminta. Biza kuwa ba ta hannun kowa a Legas. Jami'in gwamnatin Birtaniya ne ke yanke hukunci, duk wanda ya ce miki tabbas ce ya sayar miki da tsuntsun da ke sama.

Tambayar farko da lauyar kirki za ta yi miki ita ce: da wace takarda maigidan yake zaune? Komai a nan ya rataya. In ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin, tun 11 ga Afrilu 2024 sai kuɗin shigarsa ya kai fam 29,000 a shekara, a da fam 18,600 ne. Ke kuma za ki ci jarrabawar Turanci ta matakin farko, a yi miki gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi. In da bizar aiki yake, ƙa'idar daban ce, kuma masu aikin kula da tsofaffi da suka nema daga 11 ga Maris 2024 an hana su kai iyali. Ɗalibai ma tun Janairun 2024 ba sa kai iyali, sai masu digirin bincike ko waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsu. Ki sa ya turo miki hoton takardarsa tun kafin ki kashe kwabo, domin amsar na iya zama ba yanzu ba, gara ki ji ta da kuɗin zama kaɗan da ki ji ta bayan kin sayar da gwal ɗinki.

Maganar shirya takardar banki ki guje ta kamar wuta. In aka kama takardar bogi a cikin buƙatarki, hani na iya kai shekara goma, kuma sunanki ne a kai. Ba za su saurari cewa ejan ne ya saka ba.

Batun Ikoyi kuwa ku yi shawara da kyau, ku da malami da lauya. Birtaniya tana duba ko auren ya inganta a ƙasar da aka ɗaura shi, auren Musulunci kuma ingantacce ne a dokar Najeriya, hujja mai ƙarfi ake nema: takardar ɗaurin aure, hotuna, takardar haihuwar yarinya, shaidar kuɗin da yake turowa. Auren rajista na mace ɗaya ne, ƙarin aure a kansa laifi ne a doka, har rabon gado yana iya shafa. Mutane da yawa sun sa hannu ba tare da an gaya musu wannan ba. In kuma maigidan yana da wata matar da ta riga ta shiga can a matsayin matarsa, ba sa ba ta biyu bizar aure.

Ita ma lauyar ki tantance ta. Ki nemi lambar rajistarta ta Kotun Ƙoli, ki ga hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya a takardunta, ki tambaye ta kai tsaye ko ta saba aikin dokar shige da fice ta Birtaniya, domin lauyan filaye daban, wannan daban. A rubuta aikin da za ta yi da kuɗinsa, a ba ki rasit. Adireshin imel da lambar sirrin buƙatar su zama naki, fasfo ɗinki kuma ya kwana a jakarki.

Tambaya: Baba, wani mai shagon kwamfuta a Alaba Rago yana karɓar dubu 20 yana saka mutane a ƙuri'ar bizar Amurka. A Kano aka haife ni, ban yi aure ba. In gwada?

Amsa: Ɗana, kada ka ba shi. Ƙasar haihuwa ake dubawa, Najeriya kuma an cire ta daga wannan ƙuri'a tun zagayen 2015, saboda 'yan ƙasar da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun haura 50,000 cikin shekara biyar. In ya saka ka, wata ƙasar zai rubuta maka, kuma a ofishin jakadancinsu da ke Victoria Island takardar haihuwarka za su nema. In akwai abokanka da suka riga suka biya, su adana rasit ko shaidar tura kuɗin da ke wayoyinsu, su haɗu su kai ƙara wajen 'yan sanda.