Asalin kalmar "discomfit"

Malam, ka tambaya ko kalmomin Turanci "discomfit" da "discomfort" (wato rashin jin daɗi) abu ɗaya ne. A'a, asalinsu daban. "Discomfit" ta shigo Turanci wajen ƙarni na 13 daga tsohon Faransanci "desconfire", wato a tarwatsa runduna, a ci ta da yaƙi. A Baibul ɗin Sarki James na 1611, wato wata fassarar Baibul zuwa Turanci, da ita aka faɗi yadda Joshuwa, jagoran yaƙin Isra'ilawa, ya fatattaki abokan gabansu Amalekawa, kuma ni wannan tsohuwar ma'anar ta fi burge ni. Daga baya, saboda kamannin sauti da "discomfort", sai ƙarfinta ya ragu. Yau idan aka ce an yi wa mutum haka, ana nufin an rikita shi ko an kunyata shi har ya rasa ta cewa.