An ce an share wurin, amma rijiyarmu tana warin kananzir

Tambaya: Malam, ina zaune da iyalina a yankin Eleme, jihar Ribas. Shekara uku ke nan da bututun mai ya fashe kusa da gonar da nake haya, 'yan kwangila suka yi aikinsu suka tafi. Yanzu ciyawa ta fito kore shar, amma da damina ruwan rijiyarmu warin kananzir yake, yara kuma shi suke sha. In shuka rogo?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye maganar rogo tukuna. A daina shan ruwan nan yau ɗin nan. Alam ba ya maganinsa, tafasawa kuma tururin gubar za ta watsa wa mai girki.

Wannan magana ta "ai ciyawa ta fito" ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Jijiyar ciyawa taƙi nawa take nutsawa? Mai kuwa ƙasa yake bi. Abin da aka saba yi shi ne a kawo lebura su kaftu saman, a zuba taki, rana ta doke shi, launi ya sauya, a ɗauki hoto, a sa hannu a takarda. Na sha tona irin wuraren nan: sama jar ƙasa tas, kana kaiwa ƙugu sai ga baƙin laka mai maiƙo, warinsa har hawa kai yake. Damina na zuwa ruwan ƙasa ya taso, ya kwaso shi zuwa rijiyarka.

Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni, wadda yankinku na Eleme ke cikinta, a 2011 ya iske mai ya nutsa har mita 5 a wasu wurare. Cikin wurare 15 da takarda ta ce an gama gyara su, an iske 10 da gurɓatarsu a lokacin. A Nisisioken Ogale, nan kusa da kai, sinadarin benzin mai jawo sankarar jini ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900 a ruwan rijiya. Masanan suka ce gyara zai ci shekara 25 zuwa 30, amma wani ya zo da shebur ya ce ya gama a wata biyu!

Ku haɗu da mai gonar da maƙwabta ku kai ƙorafi a rubuce ofishin NOSDRA, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da malalar mai, na Fatakwal. Ku nace a ɗebi ƙasa daga zurfi daban-daban, da ruwan rijiyar, a gabanku, a kuma ba ku sakamakon a hannu. Rogo cikin ƙasar yake kwana wata da watanni, don haka bana ka haƙura da shi.