An goge rubutuna a Wikipedia babu bayani

Tambaya: Malam, na ƙara bayani kan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804, wani ya goge bai faɗi dalili ba. Anya ba ƙyamar addini ba ce? Daga wata ɗaliba, Sakkwato.

Amsa: Malama, gogewa babu bayani kuskure ne, amma kada ki yi saurin zargi, domin galibi rashin madogara ko saka addu'a irin "Allah ya jiƙansa" ke jawo ta, tunda ƙa'idar kundin ba ta ɗaukar ɓangare. Ki duba tarihin gyare-gyaren maƙalar don ganin wanda ya goge, ki tambayi mai gogewar a shafin tattaunawa cikin ladabi, ki kawo littafi da lambar shafinsa. Idan kin ga abin da ya shafi Musulunci kaɗai yake bi yana cirewa, ki tattara hujjojinki ki kai wa masu gudanarwa.